Nau'o'in Toyota Hilux da zaɓensu a yankin Gaya da Ajingi

Toyota Hilux mota ce ƙirar a-kori-kura wadda kamfanin Toyota na ƙasar Japan yake ƙerawa tun shekarar 1968. Sunanta ya yi ƙarfi a Najeriya har wasu na kiran duk wata mota mai buɗaɗɗen baya da ƙofa huɗu da sunan Hilux, ko da ta wani kamfani ce. A ƙarƙashin wannan suna kuma akwai nau'o'i da yawa waɗanda suka sha bamban ta fuskar jiki, inji, giya, adadin tayoyin da inji ke juyawa, da ƙasar da aka ƙera motar dominta. Motoci biyu za su iya yin kama ta waje, amma ɗaya ta haye rairayi da buhu goma a bayanta, ɗayar kuma ta kafe tun ba a yi nisa ba. A ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi da ke gabashin jihar Kano, inda noma da fataucin amfanin gona suka fi yawa, bambancin yana da nauyi, domin kuɗin da ake sayen irin wannan mota sau da yawa jarin shekaru ne na mutum ɗaya, ko na ƙungiyar manoma baki ɗaya.

Tarihi

An fara sayar da Hilux a Japan a watan Maris na 1968, kuma kamfanin Hino ne ya riƙa haɗa ta a masana'antarsa ta Hamura. Zubi na biyu ya fito a 1972, na uku a 1978, kuma a wannan zubin ne aka fara yin mai jan ƙafa huɗu a 1979. Na huɗu ya biyo baya a 1983, na biyar a 1988, na shida a 1997. Daga zubi na bakwai, wanda ya fito a 2004, Toyota ta mayar da akasarin aikin ƙera motar zuwa wajen Japan, musamman Tailan, Afirka ta Kudu da Ajantina. A Tailan ana kiran wannan zubi Hilux Vigo, shi kuma na takwas da ya fito a 2015 ana kiransa Hilux Revo. Waɗannan biyun su ne aka fi gani a titunan Kano. A shekarar 2021 an buɗe wata masana'antar haɗa Hilux a birnin Tema na ƙasar Gana.

Motar ta yi suna wajen juriya. Ƙarshen yaƙin Cadi da Libiya a 1987 ya samu laƙabin Yaƙin Toyota saboda yadda sojojin Cadi suka yi amfani da Hilux da Land Cruiser wajen fatattakar tankokin Libiya a hamada, kamar yadda ya faru a Fada a watan Janairun shekarar. A gasar tseren Dakar kuma, Nasser Al-Attiyah ɗan ƙasar Katar ya yi nasara da Hilux a 2019, 2022 da 2023, ko da yake motar tseren ba ta haɗa komai da ta kasuwa ba in ban da suna da siffa.

Kafin Hilux ta mamaye arewacin Najeriya, Fijo ce ke riƙe da wannan aiki. Masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara aiki a 1975, kuma a-kori-kura ƙirar 404 da 504 su suka yi jigilar hatsi da dabbobi tsakanin kasuwannin ƙauye shekara da shekaru. Har yanzu akan ci karo da tsofaffinsu ranar kasuwa.

Yanayin yankin

Garin Gaya yana da nisan kimanin kilomita 60 daga birnin Kano, a kan hanyar da ta bi ta Wudil ta nufi Dutse. Tsohon gari ne da tarihin baka ya danganta da maƙeran farko da suka je Dala neman tama. Ajingi tana arewa da Gaya, tana kuma iyaka da jihar Jigawa. A ƙidayar 2006, Gaya na da mutum sama da dubu 200, Ajingi kuma sama da dubu 170. Tun 2024 ƙananan hukumomin biyu tare da Albasu su ne ke ƙarƙashin masarautar Gaya.

Mai mota a yankin yana bin hanya iri uku, wani lokaci duk a rana ɗaya. Akwai kwalta, wadda ake bi zuwa Wudil, Kano da kasuwar hatsi ta Dawanau. Akwai burji da hanyoyin gona masu rairayi, waɗanda ke sada ƙauyuka da garuruwa irin su Kademi, Toranke da Balare. Sai kuma fadama da ƙasar da ke kusa da kogin da ya ratsa Wudil ya nufi Ringim da Haɗeja, inda laka da ambaliya ke tare hanya idan damina ta yi nisa, musamman a watannin Agusta da Satumba. Da rani matsalar takan koma ƙura, wadda ke toshe matatar iska, sannan a bazara zafi kan kai digiri 40, abin da ke gwada lafiyar lagireto.

Kayan da ake ɗauka su ma sun bambanta da lokaci: taki da iri a farkon damina, gero, dawa, gyaɗa, wake da riɗi da kaka, injin ban-ruwa da kayan lambu da rani, tumaki da awaki kuma ranar Juma'a da kasuwar Wudil ke ci. Wanda ya san wacce hanya zai fi bi da wane kaya zai fi ɗauka ya riga ya yi rabin zaɓensa.

Jikin mota

Ana yin Hilux da jiki iri uku. Mai ƙofa biyu tana ɗaukar direba da mutum ɗaya ko biyu, bayanta kuma ya kai tsawon kimanin mita 2.3. Mai ƙofa huɗu tana ɗaukar mutum biyar, amma bayanta bai wuce kimanin mita ɗaya da rabi ba. A tsakaninsu akwai wadda ke da ɗan wuri a bayan kujerar direba, mai bayan kimanin mita 1.8, sai dai ba a cika kawo ta Najeriya ba. A zubi na bakwai da na takwas tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya ɗaya ce a duka ukun, wato milimita 3,085. Saboda haka duk wurin da aka ƙara wa fasinja, daga wurin kaya aka yanko shi.

Nauyin da motar ke iya ɗauka ya kusa tan ɗaya, ya ɗan haura ko ya ɗan gaza gwargwadon nau'i, kuma wannan lissafi ya haɗa da mutanen da ke ciki. Mai ƙofa biyu za ta ɗauki buhun hatsi mai kilo 100 kamar guda tara ko goma, ko buhun taki mai kilo 50 kamar guda ashirin. Mai ƙofa huɗu idan manya biyar suka shiga, sun cinye sama da kilo 300, abin da ya rage bai wuce buhu biyar ko shida ba. Akwai kuma wani abu da ba a cika lura da shi ba. A mai ƙofa huɗu, mafi yawan wurin kaya yana saman tayoyin baya ne ko ma bayansu, don haka idan aka labta mata lodi, gaba yakan yi sauƙi, sitiyari ya rage kama ƙasa, shasin kuma ya riƙa ɗaukar nauyi a inda ba a tsara masa ba. Motocin da ake gani sun lanƙwashe a tsakanin gidan fasinja da baya, galibi wannan ne sanadi. Ƙarin sufirin da makanikai ke yi yana hana baya zaunawa, amma bai ƙara wa shasi, birki ko taya ƙarfi ba.

Duk da haka mai ƙofa huɗu ce ta fi yawa a kasuwa, saboda ita hukumomi, jami'an tsaro, 'yan kwangila da 'yan siyasa suke saye, kuma daga hannunsu take gangarowa. Ta fi saurin sayuwa idan mai ita ya tashi rabuwa da ita, ta kuma fi kwarjini a taron biki. Ga ɗan kasuwar da aikinsa kwasar hatsi daga ƙauye zuwa Dawanau, wannan kwarjini ba ya biyan kuɗin mai, domin sai ya yi sawu biyu kafin ya kai abin da mai ƙofa biyu za ta kai a sawu ɗaya. Mai ƙofa huɗu ta fi dacewa da wanda ke ɗaukar mutane da ɗan kaya tare, kamar ma'aikatan lafiya masu zagayen rigakafi, malaman gona, ko magidancin da mota ɗaya ce gare shi ta gona da ta iyali.

Ɗaukar mutane a buɗaɗɗen baya abu ne da aka saba gani ranar kasuwa, kuma yana daga cikin abubuwan da ke sa hatsarin irin wannan mota ya yi muni. Hilux doguwa ce daga ƙasa, ta fi ƙaramar mota saurin kifewa idan aka murɗa sitiyari ba zato. Mujallar motoci ta Teknikens Värld ta ƙasar Suwidin ta gwada ta a irin wannan kaucewa a 2007 da kuma 2016, a duka biyun motar ta ɗaga tayoyin gefe ɗaya har ta kusa kifewa.

4x2 da 4x4

A nau'in 4x2 inji yana juya tayoyin baya ne kaɗai. A 4x4 akwai ƙarin akwatin giya da ke iya aika ƙarfi zuwa tayoyin gaba idan direba ya buƙata, wanda direbobi ke kira giyar ogzilari. Yana da matsayi uku: H2 na tafiya a kwalta, H4 na rairayi da burji mai santsi, L4 kuma na tafiya a hankali da ƙarfi sosai, kamar fita daga laka ko hawan gaɓar rafi da kaya. A zubi na bakwai ana sauya su da ɗan ƙaramin sandan giya, a yawancin na takwas kuma da maɓalli mai juyawa.

Tsarin ba na barin mota a kai kullum ba ne. Babu abin da ke raba gudu tsakanin gaba da baya, saboda haka idan aka bar ta a H4 a kan busasshiyar kwalta, tayoyi da haƙoran giya su ke shan wahala a kowace kwana. Yawancin 4x4 da ake samu da lalataccen ogzilari, ko dai an yi musu haka, ko kuma an shekara ba a taɓa sa shi ba har ya ƙi shiga. Mai saye yakan gwada shi a ƙasa mai laushi kafin ya biya.

Tsayin mota ba ya nuna cewa 4x4 ce. Toyota na yin 4x2 iri biyu: gajeriya mai kusoshin taya biyar, da doguwa mai kusoshi shida wadda a Tailan ake kira Prerunner. Doguwar tana kama da 4x4 ƙwarai, har akan liƙa mata tambarin 4x4 a gefe. Leƙa ƙarƙashinta kawai ke raba gardama, domin 4x4 ta gaskiya tana da sandunan da ke shiga tsakiyar tayoyin gaba, da furofela ta biyu da ta nufi gaba.

Ko ana buƙatar 4x4 a Gaya da Ajingi, wannan ya danganta da inda gonar mutum take. Wanda zirga-zirgarsa ba ta wuce kwalta da burji mai kyau ba, 4x2 ta ishe shi: ta fi araha, ta fi sauƙin nauyi, ta fi ƙarancin shan mai, kuma sassan da za su lalace a cikinta ba su kai na ɗayar yawa ba. Rauninta yana bayyana idan ba kaya a bayanta, domin tayoyin da ke tura ta ba su da abin da zai danne su, sai su yi ta juyawa a rairayi suna haƙa rami. Direbobin ƙauye kan magance wannan da rage iskar taya da ajiye buhu biyu ko uku a baya. Amma mai noman fadama wanda dole ya shiga gona a Agusta, ko mai kai marasa lafiya daga ƙauyen da ruwa ke yankewa, a wurinsa kuɗin 4x4 ba asara ba ne. Wasu nau'o'in suna da maɓallin kulle tayoyin baya su juya tare, wanda ke taimakawa idan taya ɗaya ta faɗa laka ɗayar na kan tudu.

Toyota ta ƙayyade zurfin ruwan da 4x4 ta zubi na takwas za ta iya ratsawa a milimita 700, a ruwa mai kwanciya kuma da tafiya a hankali. Ruwan ambaliya mai gudu yana iya janye mota tun bai kai wannan zurfi ba, kuma idan inji ya zuƙi ruwa ta hanyar iska, musamman na dizal, sandunan fistin kan lanƙwashe nan take.

Inji

A nan ne aka fi samun saɓani tsakanin masu motoci. Injin da aka fi sani a Najeriya shi ne na fetur mai lita 2.7 da silinda huɗu, mai lamba 2TR-FE. Yana ba da ƙarfin doki kimanin 160 da ƙarfin juyi kusan Nm 245. Ba shi da tabo, sarƙa ce ke juya kam ɗinsa ba bel ba, kuma kusan duk makanikin da ya iya Toyota ya san shi, tun da irinsa ne a cikin bas ɗin Hiace da wasu Prado. Kayan gyaransa, sababbi da 'yan Beljiyam, ba sa wahalar samu a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. Aibinsa shan mai, musamman idan an yi lodi ko an shiga rairayi. A shekarun da gwamnati ke biyan tallafin fetur, yayin da man gas ya daɗe ba shi da tallafi, mutane ba su damu da wannan ba, shi ya sa Najeriya ta zama kasuwar Hilux mai fetur saɓanin yawancin ƙasashen Afirka. Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin a ranar 29 ga Mayu 2023, lissafin ya canza, tankin mota mai lita 80 ya zama abin da ake tunani kafin a cika. Injin fetur yana karɓar sauyi zuwa iskar gas ta CNG, sai dai tukunyar tana cin wurin kaya, kuma amfaninta ya rataya ne ga samun gidan da ake ɗura iskar kusa.

Akwai kuma na fetur mai lita 4.0 da silinda shida, 1GR-FE, mai ƙarfin doki sama da 230. Yana da gudu da daɗin tuƙi a kwalta, amma shan mansa ya sa bai dace da motar neman kuɗi ba.

Injinan dizal kashi uku ne. Na farko shi ne tsohon 5L-E mai lita 3.0, wanda ba shi da tabo. Ba shi da sauri, a hawan tudu da kaya sai an yi haƙuri da shi, amma yana jure man da ba shi da tsabta fiye da sauran, kuma gyaransa bai buƙatar na'urori masu tsada. Wannan ne ya sa Toyota ta ci gaba da sa shi a motocin da take sayar wa ƙungiyoyin agaji a Afirka har cikin zubi na takwas. Kashi na biyu su ne 2KD-FTV mai lita 2.5 da 1KD-FTV mai lita 3.0 na zubi na bakwai, waɗanda ke ɗauke da tambarin D-4D. Na uku su ne 2GD-FTV mai lita 2.4 da 1GD-FTV mai lita 2.8 na zubi na takwas. Mai lita 2.4 yana ba da ƙarfin doki 150 da juyi har Nm 400. Mai lita 2.8 ya fara da doki 177, aka ƙara shi zuwa 204 da juyi Nm 500 a shekarar 2020. Idan aka kwatanta da Nm 245 na injin fetur, za a ga dalilin da ya sa dizal ke jan kaya ba tare da an taka totur sosai ba, da kuma dalilin da lita ɗaya ke kai shi nesa.

Wannan ƙarfi yana da sharaɗi. Injinan KD da GD suna fesa mai da matsin da ya haura bar dubu ɗaya ta cikin ƙofofi masu siririn gaske, don haka ɗan ruwa ko ƙasa a cikin mai kan lalata famfo da nozul, kuma kuɗin sauya su yana iya haɗiye ribar man da aka tara a shekara. Inda ake sayen mai a jarka a bakin hanya, wannan haɗari ne na kullum. Matatar mai tana da wurin tara ruwa a ƙasanta da fitilar gargaɗi a gaban direba, wadda bai kamata a yi watsi da ita ba. Akwai kuma batun sinadarin sulfa. Rahoton da ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta fitar a 2016 ya nuna cewa dizal ɗin da ake shigowa da shi Afirka ta Yamma yana ɗauke da sulfa ninkin-ba-ninkin abin da Turai ta yarda da shi. Motocin da aka ƙera wa Turai suna da matatar hayaƙi ta DPF a salansa, wadda irin wannan mai da gajerun tafiye-tafiye ke toshewa. Hilux mai dizal da aka yi wa kasuwannin Afirka ko Gabas ta Tsakiya ta fi wadda aka kwaso daga Turai dacewa da yankin, ko da ta Turan ta fi kayan ƙawa a ciki.

Injinan 5L da KD suna amfani da bel ɗin taimin, wanda ake sauyawa bayan tafiyar da kamfani ya ƙayyade, idan kuma ya tsinke yakan ɓata bawul. Na GD da na fetur sarƙa gare su. Mai sayen tsohuwar mota mai bel wanda bai san ranar da aka sauya shi ba, sauyawa nan take ta fi masa arha.

A aikace, wanda ke tafiya mai nisa da kaya kusan kullum, yana shan mai a gidan mai da ya amince da shi, kuma yana iya kai mota Kano wurin masu na'urar duba inji, dizal zai biya shi. Wanda motarsa ke kwana a ƙauye, tafiyarsa gajera ce, makanikinsa kuma na bakin tasha ne, injin 2.7 ko tsohon 5L-E ya fi masa kwanciyar hankali.

Giya

Zubi na bakwai yana da giyar hannu mai hawa biyar, ko otomatik mai hawa huɗu ko biyar. Na takwas yana da ta hannu mai biyar ko shida, da otomatik mai shida. Otomatik tana da sauƙin tuƙi a rairayi domin ƙarfi ba ya yankewa lokacin sauya giya, amma manta kan yi zafi idan aka matsa mata, gyaranta kuma sai birni. Ta hannu kulocinta ne ke ƙonewa a hannun direba maras haƙuri, sai dai sauya shi aiki ne na yini ɗaya, kuma idan batir ya yi sanyi ana iya tura motar ta tashi.

Asalin mota da lambobinta

Sabuwar Hilux tana shigowa ta hannun dillalan da Toyota ta amince da su, kamar kamfanin Elizade da Cif Michael Ade-Ojo ya kafa. Amma mafi yawan masu saye a yankin tsohuwa suke nema: ko wadda aka yi amfani da ita a waje, wadda har yanzu ake kira 'yar Kwatano duk da cewa gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa tun 1 ga Janairu 2017, ko kuma wadda ta yi aiki a gida. A Amurka ba a sayar da Hilux. Tacoma ce ta maye gurbinta a can tun 1995, kuma ko da yake ana kawo ta Najeriya, shasinta da jikinta daban ne, kayan Hilux da yawa ba sa shiga jikinta.

Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama a ranar 2 ga Afrilu 1972, don haka motar da ta dace da titunanta ita ce mai sitiyari a hagu. Tailan, Afirka ta Kudu, Ingila da Ostareliya duk sitiyarin dama suke amfani da shi a gida, kuma akan sayo motocinsu da araha a juya sitiyarin. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta sha gargaɗi a kan motoci masu sitiyarin dama. Juyin da ba a yi da kyau ba yana barin walda a sandar sitiyari, bututun birki da aka yi wa ƙari, da wayoyin da aka yanka aka haɗa.

Wata al'ada da ta yaɗu ita ce sabunta fuska, inda ake cire fitilu, bamba da gaban tsohuwar mota ta 2008 ko 2012 a sa mata na sabon yayi, wani lokaci har da sitiyari da allon gaba. Yin hakan ba laifi ba ne idan an faɗa wa mai saye. Matsalar ita ce sayar da tsohuwa a farashin sabuwa.

Farantin da kamfani ya liƙa a jikin motar, a cikin gidan inji ko a ginshiƙin ƙofa, yana warware yawancin waɗannan. Haruffa ukun farko na lambar samfuri suna nuna injin da aka haife ta da shi: TGN na fetur mai silinda huɗu, GGN na mai silinda shida, LAN na 5L, KUN na KD, GUN na GD. Idan lambobi biyu suka biyo baya, kamar KUN26 ko TGN26, motar zubi na bakwai ce komai sabuntar fuskarta. Mai ɗauke da lamba irin GUN125, GUN126 ko TGN126 kuwa ta takwas ce. Waɗannan misalai duka 4x4 ne, yayin da TGN16 da TGN121 suke 4x2. Harafin da ke bin lambobin shi ne mafi amfani: L na nufin an ƙera ta da sitiyarin hagu, R kuma da na dama. Motar da farantinta ke ɗauke da KUN26R amma sitiyarinta na hagu, juya ta aka yi. Lambar shasi mai harafi 17 kuma tana bayyana masana'anta: MR0 Tailan, AHT Afirka ta Kudu, 8AJ Ajantina. Ya kamata lambar da ke faranti ta yi daidai da wadda aka buga a jikin shasin kansa da wadda ke cikin takardu. Ɗan ƙyallen da ke ɗinke a gindin bel ɗin kujera shi ma yakan nuna shekarar da aka yi shi.

Hilux tana cikin motocin da ɓarayi suka fi nema, saboda saurin sayuwarta a ciki da wajen ƙasa. Takardar biyan kuɗin kwastan, shaidar mallaka da takardar cinikin da ta nuna hannun da motar ta bi suna da muhimmanci kamar lafiyar inji. Wadda aka ce gwanjon wata hukuma ce tana buƙatar takardar gwanjon, in ba haka ba mai saye na iya rasa mota da kuɗi a shingen bincike na farko.

Sauran motocin da ke wannan aiki

Mitsubishi L200, Nissan Navara, Ford Ranger da Isuzu D-Max duk suna aji ɗaya da Hilux, kuma sau da yawa tsofaffinsu sun fi araha, sai dai kayan gyaransu ba su kai nata yawa a Kano ba, kuma darajarsu ta fi saurin faɗuwa. Kamfanin Innoson na garin Nnewi yana haɗa a-kori-kura a cikin gida, yawanci hukumomi ne ke sayensu. Land Cruiser 79, wadda ake kira Bafalo, ta fi Hilux ƙarfin shasi da juriya a daji, ita aka fi gani a hanyoyin hamada na Jamhuriyar Nijar, amma farashinta ya fi ƙarfin yawancin manoma.

A ɗaya gefen, ba kowane aiki ne ke buƙatar Hilux ba. Kwasar amfani daga gona zuwa gida har yanzu amalanken shanu ke yin mafi yawanta a ƙauyukan Gaya da Ajingi, kuma tana shiga inda mota ba ta shiga. Jigila tsakanin gari da kasuwa ta kusa, 'yar ƙurƙura da babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya suna yin ta da ɗan mai kaɗan. Idan kuma kayan sun kai buhu talatin zuwa sama, Kanta ce motar da 'yan kasuwar hatsi ke ɗauka haya zuwa Dawanau, a raba kuɗin a kan kowane buhu.